An bar jaki ana dukan taiki: fushin magoya bayan Steelers da katangar da aka bari ta rushe

Ƙarfe biyu na dare agogon Najeriya aka take wasan, daren Asabar 11 ga Janairun 2025 wayewar garin Lahadi, kuma ban runtsa ba har aka tashi. Pittsburgh Steelers ce ta je Baltimore domin karawa da Ravens a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, aka doke ta da ci 28 da 14. Rashin nasarar bai ƙona mini rai kamar yadda aka yi ta ba. Ravens sun ci yadi 299 da gudu kawai, mai gudu da ƙwallonsu Derrick Henry shi kaɗai ya kwashi 186, su kuwa Steelers, ƙungiyar da aka san ta da gudu da ƙwallo tun zamanin tsohon tauraronta Franco Harris, ba su kai yadi 30 ba a wasan gaba ɗaya.

Da gari ya waye wani abokina da muka yi zaman Pittsburgh tare ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce: "Malam, ka ga Najee kuwa? Yaron nan gudu yake kamar an ɗora masa buhun gero. A sallame shi, a sallami mai tsara harin, mu huta." Najee Harris, mai gudu da ƙwallo na Steelers, yake nufi. Wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin shekara huɗu ke nan ina jin irinta daga bakin magoya baya, sunan wanda ake so a kora ne kawai yake sauyawa.

Matsayina shi ne magoya bayan Steelers suna da gaskiya da suka fusata, amma sun ɗora fushin a inda bai dace ba. Gudu da ƙwallo ya mutu a Pittsburgh ne saboda an bar katangar 'yan wasa biyar da ke share hanya ta tsufa ba a gyara ba, an bar malamin da ya iya koyar da su ya tafi, sannan aka dinga sauya musu tsarin tarewa ba tare da an duba ko ya dace da jikinsu ba. Mai gudu da ƙwallo da mai kiran dabara su ne ido yake gani, shi ya sa duka yake sauka a kansu.

Abin da kyamara ba ta bi

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi 10, ko dai ta hanyar jifa ko ta hanyar miƙa wa mutum ɗaya ƙwallo ya kutsa da ita. A gabansa akwai ƙarti biyar: ɗan tsakiya, masu gadi biyu a hagunsa da damansa, da 'yan gefe biyu. Aikinsu su tsaga bangon abokan hamayya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma mai gudu da ƙwallo, komai zafin namansa, ƙadangaren nan ne.

Hanyoyin tsaga bangon manya biyu ne. A ta farko, wadda ake kira tarewar yanki, duka biyar ɗin suna takawa gefe ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya tare wanda ya shigo yankinsa, shi kuma mai ƙwallo ya bi su a gicciye har ya hango inda kafa ta buɗe, ya kafa ƙafa ɗaya ya yanka ciki. Kociyoyi Alex Gibbs da Mike Shanahan ne suka fito da martabar wannan tsari a Denver, har Terrell Davis, wanda ba a zaɓa ba sai a zagaye na shida na zaɓen sababbin 'yan wasa, ya ci yadi 2,008 a 1998. A ta biyu kuwa, tun kafin a ɗaga ƙwallo an riga an yanke wace kafa za a buɗe: mutum biyu su haɗu su danne guda, mai gadi ɗaya ya baro wurinsa ya zagayo ta bayan 'yan uwansa ya ture wanda ya rage, mai ƙwallo ya bi sawunsa kai tsaye. Ta farko tana son mutane masu sauƙin jiki da suka daɗe tare. Ta biyu tana son masu nauyi da ƙarfin ture mutum baya.

Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san abin da nake nufi da daɗewa tare. In ka haɗa bijimai biyu ƙosassu da ba su saba da juna ba, ɗaya ya riga ɗaya ɗaga ƙafa, kunyar za ta karkace ko da kowannensu ya fi ƙarfin aikin. Haka ɗan tsakiya da mai gadi suke idan suka haɗu a kan mutum ɗaya. Dole kafaɗunsu su manne, kuma dole su san, ba tare da magana ba, wanda zai saki ya haura kan mai tsaron da ke layi na biyu. In ɗaya ya saki da wuri, ƙaton da suka danne ya kuɓuce ya cafke mai ƙwallo tun bai kai layi ba. In ya makara, na bayan ya riga ya toshe kafar. Duk wannan yana faruwa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kyamarar talabijin kuma tana kan ƙwallo, saboda haka abin da mai kallo yake gani shi ne Najee Harris ya faɗi bayan yadi ɗaya.

Yadda aka bari ta rushe

Daga 2014 zuwa 2018 Mike Munchak ne malamin katangar Steelers, mutumin da shi kansa ya yi suna a matsayin mai gadi a Houston Oilers. A hannunsa Alejandro Villanueva, tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙi a Afganistan, wanda ƙungiyoyi suka gwada a wurare daban-daban suka sallama, ya zama ɗan gefen hagu da aka zaɓa sau biyu cikin gwarazan shekara. A bayan wannan katanga mai gudu da ƙwallo Le'Veon Bell yake tsayawa cak yana jiran kafa ta buɗe, salon da duniya ta yi ta yabo. Da Bell ya ji rauni a 2015, DeAngelo Williams mai shekara 32 ya shiga ya ci yadi 907. Da Bell ya ƙi buga kakar 2018 saboda rikicin kwantiragi, James Conner ya shiga ya ci 973 a wasa 13. Shi kuwa Bell, da ya koma New York Jets a 2019, matsakaicin abin da yake ci a kowane gudu ya faɗo zuwa yadi 3.2. Mutum uku daban-daban sun yi nasara a bayan katanga ɗaya, kuma wanda ya fi su baiwa ya kasa da ya rabu da ita.

Munchak ya koma Denver bayan kakar 2018. Mai gadi Ramon Foster ya yi ritaya a 2020. A wannan shekarar ƙungiyar ta ci wasa 11 a jere a farkon kaka, amma ita ce ta ƙarshe a gasar baki ɗaya wajen gudu da ƙwallo, ta 32 cikin 32. A 2021 ɗan tsakiya Maurkice Pouncey ya yi ritaya, Villanueva ya koma Baltimore, aka sallami mai gadi David DeCastro. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ginshiƙan duk suka tafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan tsufa ba a ɓoye ya zo ba. Tun daga 2012, lokacin da aka zaɓi DeCastro, ƙungiyar ba ta sake ɗaukar ɗan katanga a zagaye na farko ko na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa ba sai a 2023. Shekara goma cur ana cin tsohon rumbu ba a zuba sabuwar tsaba ba. Da aka ga gudu ya mutu a 2020, maganin da aka kawo shi ne a zaɓi Najee Harris daga jami'ar Alabama a lamba ta 24. A zagaye na biyu aka ɗauki Pat Freiermuth, ɗan wasa nagari wanda ba ɗan katanga ba ne, amma a lokacin Creed Humphrey yana nan ba a ɗauke shi ba, Kansas City ta ɗauke shi jim kaɗan bayan haka ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan tsakiya a gasar. Steelers kuwa suka ɗauko Kendrick Green, wanda yawancin wasansa na jami'a a matsayin mai gadi ya yi, suka ɗora shi a gurbin Pouncey tun daga wasan farko. An sayi ingarman doki, hanyar da zai bi kuma ba a share ba.

Malaman ma ba su zauna ba. Shaun Sarrett ya yi shekara biyu, Adrian Klemm bai ƙarasa ko ɗaya ba ya tafi jami'ar Oregon, Pat Meyer ya zo a 2022. Yaron da ya shigo a wannan tsakani ya ji bakin malami fiye da ɗaya, kowanne da yadda yake so a ajiye ƙafa da inda yake so a sa hannu. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, atisaye da cikakkun kayan kariya bai wuce sau 14 ba a kaka guda, saboda haka lokacin gyara kuskure kaɗan ne ƙwarai, kuma kowane sauyin malami yana cinye wani ɓangare nasa.

"To ai Matt Canada ya cancanci kora"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo mini, kuma ban musa ba. Canada ya riƙe tsara hari daga 2021, kuma a duk wasannin da ya jagoranta ƙungiyar ba ta taɓa haɗa yadi 400 a wasa ɗaya ba. Dabarunsa sun zama abin da abokan hamayya suke karantawa tun kafin a ɗaga ƙwallo. A 2023 ihun "a kori Canada" ya cika Acrisure, filin wasan Steelers, har ya tsallaka zuwa wasan ƙwallon ƙanƙara na Penguins, wasan da ba ruwansa da shi. Ranar 21 ga Nuwamba aka kore shi, abin da ƙungiyar ba ta yi wa babban mai horarwa ko mai tsara wasa a tsakiyar kaka ba tun 1941. Kwana biyar bayan haka suka haɗa yadi 421 a kan Cincinnati.

Sai dai a duba abin da ya faru a wasa uku na ƙarshe da Canada ya jagoranta. A farkon Nuwamba aka ajiye Chukwuma Okorafor, haifaffen Najeriya da ya daɗe yana riƙe gefen dama, aka sa Broderick Jones, aka kuma ƙara yawan dabarun da mai gadi yake zagayowa ya ture mutum, inda Isaac Seumalo ya ƙware tun yana Philadelphia. Nan take suka ci yadi 166 da gudu a kan Tennessee, 205 a kan Green Bay, sannan a Cleveland Jaylen Warren, ɗaya mai gudu da ƙwallon Steelers, ya tsere yadi 74 a gudu ɗaya. Mutumin da ake ihu a kora shi ne yake kiran dabarun nan. Abin da ya sauya shi ne mutanen da ke gaba da irin aikin da aka ba su. Jifa ce ta kashe Canada, kuma ta kashe shi da hujja, amma gudu ya fara farfaɗowa yana kan kujera. Da magoya baya sun lura da wannan, da sun san abin da za su nema daga wanda zai gaje shi.

"Ai Harris ne ba shi da sauri, ga Warren nan"

Hujja ta biyu ke nan, kuma tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Warren, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2022, ya fi Harris saurin yanke shawara, kuma sau da yawa ya fi shi cin yadi a kowane gudu. Amma a tuna da irin lokacin da ake sa kowannensu. Harris ne ake bai wa ƙwallo a dama ta farko da kuma lokacin da saura yadi ɗaya, lokacin da kowa a filin ya san gudu za a yi, masu tsaro takwas sun taru a gaba. Warren yakan shigo ne lokacin da abokan hamayya suke tsammanin jifa sun ja baya.

Harris ya haura yadi 1,000 a kowace kaka cikin huɗun da ya yi a Pittsburgh, bai rasa wasa ko ɗaya ba, ya ci 1,200 a shekararsa ta farko a bayan katanga mafi rauni da na gani a ƙungiyar. Matsakaicinsa ya tsaya a kusa da yadi 4, kuma na yarda ba shi ne irin wanda zai ɓace wa mutane da gudu ba. Amma na sha mayar da hoton wasa baya ina kallo a hankali, in ga ana miƙa masa ƙwallo hannun mai tsaro ya riga ya kai cinyarsa, ya murje ya ja mutum biyu ya mayar da asarar yadi biyu ta zama ribar yadi ɗaya. A takardar ƙididdiga wannan gudu ne marar amfani. A idona aiki ne da mutane kaɗan za su iya.

Wanda yake shakka ya dubi Saquon Barkley. A 2023 yana New York Giants matsakaicinsa yadi 3.9 ne, ana cewa ƙarfinsa ya fara ƙarewa. A 2024 ya koma Philadelphia, inda a lokacin Jeff Stoutland yake koyar da katanga tun 2013, mutumin da ya ɗauki Jordan Mailata, ɗan zari-ruga daga Ostireliya da bai taɓa buga wasan ba, ya mayar da shi ɗan gefe na sahun gaba. Barkley ya ci yadi 2,005, matsakaici 5.8, suka ɗauki kofi. Ƙafafunsa ba su sauya ba cikin shekara ɗaya.

Riga da mai riga

A 2024 aka kawo Arthur Smith, kuma a nan ne nake ganin koci yana da laifi na gaskiya. Smith ya yi suna a Tennessee, inda Derrick Henry ya ci yadi 2,027 a 2020 a ƙarƙashin tarewar yanki mai faɗaɗa zuwa gefe. Ya zo Pittsburgh da wannan tsari a aljihu. Amma Harris mutum ne mai nauyin sama da kilo 100 da ya fi kyau idan ya fuskanci gaba kai tsaye, kafaɗunsa a miƙe, kuma katangar da aka tara ta nuna a ƙarshen 2023 cewa ture mutum baya ta fi iyawa. Sai ga shi ana sa su gudu a gicciye, Harris yana bin layi yana neman kafar da ba ta buɗe ba har a kai shi bakin fili.

Tela nagari yakan auna mutum kafin ya sa almakashi. Wanda ya riga ya ɗinka riga tun a gida ya zo yana neman wanda zai cusa a ciki, ko da ɗinkin ya yi kyau, mai rigar ne zai sha kunya a taro. Steelers suna cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa yawan gudu a 2024, amma abin da suke samu a kowane gudu bai wuce yadi 4 da ɗan kaɗan ba. Yawan maimaita abu ba ya mayar da shi daidai.

Za a ce mini raunuka sun yi yawa a katangar, kuma haka ne. Troy Fautanu, wanda aka zaɓa a zagayen farko, wasa ɗaya ya buga gwiwarsa ta tafi. James Daniels ya tsinke jijiyar agara a wasa na huɗu. Seumalo bai fara kakar ba sai daga baya. Zach Frazier da Mason McCormick sababbi ne fil. Amma wannan hujja a kaina take ƙara ƙarfi, domin tarewar yanki ita ce ta fi kowace buƙatar mutanen da suka saba da juna. Idan kana da yara sababbi da 'yan cike gurbi, hankali ya ce ka sauƙaƙa musu, ka ce kai ga naka, kai ga naka, ku ture. Haka kuma Jones, wanda a gefen hagu ya yi wasa a jami'ar Georgia kuma domin hagu aka zaɓo shi a lamba ta 14, an bar shi a dama shekara biyu. Ga ɗan gefe, sauya ɓangare kamar a ce wa mai rubutu da dama ya koma hagu ne, ƙafar da take gaba ta koma baya, hannun da yake fara kai duka ya sauya. An yi ta zaginsa a kan koma-baya, ba a tambayi wanda ya hana shi zama wuri ɗaya ba.

Haƙuri da sakaci

Akwai masu cewa mu yi haƙuri, wai haƙuri ne ya gina gidan Rooney, iyalin da suka mallaki ƙungiyar. Gaskiya ne daga 1969 zuwa wannan wasa na Baltimore manyan kociyoyi uku kacal ƙungiyar ta yi, Chuck Noll da Bill Cowher da Mike Tomlin, kuma ta ɗauki kofi shida. Ina girmama wannan ɗabi'a, ina kuma girmama Tomlin, wanda daga 2007 zuwa wannan wasa bai taɓa kammala kaka da rashin nasara fiye da nasara ba. Amma haƙurin da aka yi a saman bene ba a yi shi a ɗakin da ya fi buƙatarsa ba. An riƙe Canada kusan shekara uku bayan kowa ya ga inda aka dosa, alhali ɗakin katanga yana ta sauya hannu. Babban koci shi ne yake zaɓen mataimakansa, shi ne kuma zai iya kiran mai tsara hari ya ce masa wannan tsari bai dace da yaranmu ba. Daga Janairun 2017 zuwa daren nan ƙungiyar ba ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba, kuma a lokacin sanyi, lokacin da iska take hana jifa, wanda ba ya iya cin yadi uku da ƙarfin tsiya ba ya zuwa ko'ina.

Abin da nake so magoya baya su nema ke nan, da irin muryar da suka nemi korar Canada: a kashe kuɗi a kan malamin katanga kamar yadda ake kashewa a kan tauraro, a bar kowane yaro a wuri ɗaya ya koyi aikinsa, a kuma zaɓi tsarin tarewa bayan an kalli mutanen da ake da su. Na faɗa wa abokina haka a waya, na kuma roƙe shi ya nemo hoton gudun Willie Parker a wasan ƙarshe na cin kofi da Steelers ta buga da Seattle a Fabrairun 2006, amma kada ya kalli Parker.

Dabara ta biyu ce bayan an dawo hutun rabin lokaci. Ana ɗaga ƙwallo Alan Faneca, mai gadin hagu, ya janye ƙafarsa ta dama, ya juya, ya bi ta bayan ɗan tsakiya a sunkuye, ya ɓullo ta dama daidai lokacin da mai tsaron layi na biyu ya taho toshe kafar, ya ɗauke shi daga hanya. Parker ya bi ta inda Faneca ya wuce ya yi yadi 75, Steelers suka ci 21 da 10. A ranar Faneca yana kakarsa ta takwas a wannan gurbi na hagu, Russ Grimm kuma yana shekararsa ta biyar yana koyar da shi.